Mai Tsaron Mudu Ba Shi Ne Mai Hatsi Ba

Mu da mu ke zaune a Gyadi-Gyadi da Tarauni ba za mu manta da watan Fabrairu na 2023 da wuri ba. A cikin watan nan ne mutum ya ke da kuɗi, amma hannunsa ya kasa kai wa gare su. Tun asuba layi ya miƙe a ƙofar bankunan da ke kan titin Zariya, magidanci ya wuni a tsaye, ya koma gida da 'yan kuɗin da ba su isa cefanen kwana biyu ba, wata rana ma hannu wofi. Masu POS suna sayar da naira da naira. A kasuwar Tarauni ga tumatir ga attaruhu, ga mai saye ga mai sayarwa, amma ciniki ya ƙi faɗawa, gama an ce tsohuwar takarda ta mutu, sabuwar kuwa ba a gan ta ba. Mai babban kanti ya karɓi taransifa ya huta. Amma gwauruwa mai toya ƙosai a bakin hanya, wadda ba ta da asusu a banki, ita fa? Ƙullunta ya yi tsami a cikin roba. Dattawan cikinmu suka tuna da canjin kuɗi na 1984, suka girgiza kai.

Wahalar nan ta wuce, mun gode wa Allah. Amma ta bar mana tambaya wadda ya kamata Ekklesiya ta zauna a kanta tun wani zaɓen bai zo ba. Ina ikon gwamnati ya tsaya? Me ke nata, me kuma ba nata ba? Ina kuma namu laifin cikin abin da ya same mu?

ABIN DA YA FARU

Ran 26 ga Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwa cewa za a sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa ranar 31 ga Janairu 2023 ta zama wa'adin tsofaffin takardu, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Dalilan da aka bayar ba na banza ba ne. Aka ce yawancin takardun kuɗin ƙasar suna waje da bankuna, aka ce masu satar mutane suna karɓar kuɗin fansa a buhu, aka ce akwai jabu. Shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya kuma nuna yana so a rage ƙarfin kuɗi cikin siyasa, gama zaɓen shugaban ƙasa yana tafe ran 25 ga Fabrairu. Watau ana so a bushe aljihun masu sayen ƙuri'a.

Jama'a suka kai tsofaffin kuɗinsu banki, amma sababbin da aka buga ba su isa ba. Gwamnatocin jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, waɗansu jihohi suka bi bayansu. Ran 3 ga Maris kotu ta yanke cewa ba a ba jama'a isasshen lokaci ba, ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu har ƙarshen shekarar. Daga baya ma ta ɗage wannan wa'adin.

To, an daina sayen ƙuri'a? Masu sa ido a kan zaɓe sun ba da labari daga wurare da yawa cewa inda takarda ta yi wuya an raba kayan abinci da atamfa, waɗansu kuma aka tura musu kuɗi ta waya. Mai saye ya sami wata hanya, domin mai sayarwa yana nan yana jira. An kai wa kura duka, sandar ta sauka a bayan akuya.

SURAR WA KE KAN TAKARDAR?

Mun san ranar da aka zo a gwada Ubangijinmu da zancen haraji, cikin Matta sura 22. Ya sa aka kawo masa kuɗin, ya tambaye su surar wanda ke kai, suka ce ta Kaisar ce. Daga nan ya raba musu magana gida biyu, akwai haƙƙin Kaisar, akwai kuma haƙƙin Allah, kowanne a biya shi.

Mu ɗauki takardar naira 200 mu duba. Surar Sardauna Ahmadu Bello ce a kai. A kan 500 akwai Dokta Nnamdi Azikiwe. Hukuma ce ta buga takardar, tana da iko ta sake launinta, ba mu yi mata gardama a nan ba. Bulus Manzo ya koya wa Romawa cikin sura 13 cewa mai mulki bawan Allah ne, an ba shi takobi domin ya tsorata mai mugunta, domin wannan mu ke biyan haraji ba da gunaguni ba. Kirista ba ɗan tawaye ba ne. Wanda ya taɓa zama a wurin da doka ta faɗi, ko da na kwana uku ne, ya san gwamnati baiwa ce daga wurin Allah.

Amma gumin da takardar ta ke wakilta, na wane ne? Gwauruwar nan ta tashi tun duhu ta surfa wake, ta kai markaɗe, ta sha hayaƙi. Takardar da ke ƙulle a bakin zanenta shaida ce kawai ta aikin hannunta. Ita kanta kuwa surar Allah ce a kanta, kamar yadda Farawa ta koya mana tun sura ta fari. Kaisar yana da rabo cikin ribarta, watau haraji, amma ba shi ne mai ita ba, ba shi ne kuma mai abincin 'ya'yanta ba.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana halin iko ba. Sa'anda Isra'ilawa suka nace sai an naɗa musu sarki, Sama'ila ya faɗa musu tun da wuri cewa sarkin zai ɗebi 'ya'yansu maza su yi masa yaƙi, 'yan matansu su yi masa girki, zai karɓi gonakinsu masu kyau ya ba fadawansa. Karanta 1 Sama'ila sura 8. Sarki Ahab kuma ya yi sha'awar garkar inabin Nabot, ya yi tayin saye, Nabot ya ƙi gama gādon kakanninsa ce. Yezebel ta shirya shaidun zur, aka jajjefe Nabot, sarki ya shiga garkar. A can cikin garkar Iliya ya tarar da shi da hukuncin Allah. Talaka ɗaya ne tak, garka ɗaya ce tak, amma Allah ya aiko annabi domin a sani akwai iyakar da sarki ba shi da izinin ƙetarewa.

DARASIN DALAR GYAƊA

A bayan takardar nan ta naira 200 akwai hoton buhuna an jera su kamar dala. Kowane Bakano ya san abin da hoton ya ke tuna masa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manoman ƙasar Kano suka kama noman gyaɗa da kansu, ba wanda ya tilasta musu, domin sun ga tana biya. Fatake irin su Alhassan Ɗantata suka shiga sayenta, gari ya cika da arziki.

A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 kuma aikinta ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Hukumar ce kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa zuwa ƙasashen waje, ita ke yanka farashin da za a biya manomi, wakilanta masu lasisi ne ke saye. Nufin da aka faɗa mai kyau ne, a kiyaye manomi daga hawa da saukar farashin duniya. Amma shekaru da yawa farashin da aka ba shi yana ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuwa tana hannun hukuma. Ba mu ce duka aka cinye ba, gama an yi ayyukan raya ƙasa da wani sashi. Sai dai manomin da ya duƙa a kan fartanya ba a tambaye shi ba. Sa'anda fari ya zo a 1972 da 1973, ciwon gyaɗa kuma ya biyo a 1975, ga kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin masu mulki, manoma da yawa suka bar gyaɗa. Dalar ta ɓace. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona ɗungum.

Abin da mu ke koya a nan shi ne, kyakkyawan nufi bai isa ya halatta wa mai iko kome da kome ba. Mutumin da ke zaune a ofis, kome iliminsa, bai san abin da dubban masu saye da sayarwa suka sani ba. Bai san farashin da zai sa manomi ya shuka baɗi ba, bai san yawan canjin da mai ƙosai ta ke bukata kafin hantsi ba. Allah kaɗai ne masanin duka. Gwamnatin da ta ɗauka ta san duka ta hau kujerar da ba tata ba.

KASUWA MA TANA DA ZUNUBINTA

Kada wani ya ji wannan ya ce mun mai da kasuwa wuri mai tsarki. Zuciyar da ke ofis ita ce ke rumfa. Mun san mai awon da ke bubbuge gindin mudu domin ya rage ciki, mun san mai zuba yashi cikin gero, da mai jera manyan tumatir a saman kwando ruɓaɓɓu a ƙasa. A kwanakin ƙarancin naira ba gwamnati ce ta ce wa mai POS ya tsauwala wa maƙwabcinsa ba, kwaɗayinsa ne ya ce masa. Waɗansu daga cikinsu kuwa tare da mu su ke waƙa ran Lahadi. Annabi Amos, cikin sura 8, ya yi kuka a kan 'yan kasuwa masu ƙosawa ranar hutu ta wuce domin su koma su rage mudu su ƙara farashi. Misalai kuma sun ce jama'a suna la'antar mai ɓoye hatsi.

Nan ne aikin hukuma ya ke, babban aiki ne kuwa. Ta tsare mudu da sikeli su zama ɗaya ga kowa. Ta kama ɓarawo da mai algus, ta sa alƙali ya yi shari'a ba da duban fuska ba, ta gyara hanya da magudanar ruwa, ta kiyaye darajar kuɗi domin ajiyar talaka kada ta narke a hannunsa. A kasuwannin ƙasar Hausa tun dā akwai sarkin kasuwa. Yana raba rigima, yana duba awo, yana karɓar abin da aka yanka masa. Amma ba a taɓa jin ya ce buhunan da ke kasuwa nasa ba ne. Ranar da mai tsaron mudu ya fara ɗaukar kansa mai hatsi, ranar ce kasuwa ta fara watsewa.

Matalauci fa, wa zai kula da shi? Shari'ar Musa ta bar gona a hannun mai ita, amma ta umarce shi kada ya girbe har gefe, ya bar kala domin baƙo da gwauruwa. Da wannan kalar Rut ta ciyar da surukarta a gonar Bo'aza. Hukuma tana da nata rabon cikin taimakon marasa ƙarfi, asibiti da makaranta shaida ne. Amma kada mu miƙa mata tausayin da Allah ya ɗora a wuyanmu, mu naɗe hannu muna jiran tallafi daga Abuja.

JAR MIYAR ISUWA

Yanzu sai mu juyo kan namu laifin, gama idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗaya daga cikin hujjojin da aka kafa aka ƙulle kuɗin jama'a duka ita ce ana sayen ƙuri'a. Ba a sayen abin da ba a sa a kasuwa ba. Da a ce ba mai sayarwa, da wannan hujjar ba ta samu ba. Jama'ar da ta kasa riƙe kanta tana gayyatar mai sanda ya riƙe ta, mai sanda kuwa ba ya rarrabe mai laifi da marar laifi sa'anda ya fara duka. Dokar Zaɓe ta 2022 ta riga ta hana saye da sayar da ƙuri'a, ta sa hukunci a kai. Amma doka tana iya ɗaure hannu, ba ta iya wanke zuciya. Wannan aikin Ruhun Allah ne, ta wurin Maganarsa.

Isuwa ya dawo daga jeji da yunwa, ya tarar da Yakubu yana dafa jar miya, ya sayar masa da matsayinsa na ɗan fari domin ƙwarya ɗaya. Ya ci, ya sha, ya tashi ya tafi abinsa. Daga baya ya nemi albarkar da hawaye bai samu ba. Ƙuri'a ma gādo ce, an kuwa sha wuya kafin ta zo hannunmu. A nan Kano aka kafa NEPU ran 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano da abokansa suka yi ta faman a ba talaka murya, da yawa cikinsu suka sha ɗauri. A zaɓen 1959 maza kaɗai suka jefa ƙuri'a a Arewa. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku ba sau ɗaya ba saboda gwagwarmayarta, matan Arewa kuwa sai a 1979 suka fara zaɓen shugaban ƙasa. 'Yar'uwa, abin da aka saya miki da irin wannan tsada, za ki ba da shi domin ƙullin taliya da sabulu?

Mun san amsoshin da a kan bayar, gama mun ji su a bakin majami'a bayan an tashi sujada.

Wani ya ce, ai kuɗinmu ne suka sata, in karɓa in zaɓi wanda na ga dama. Ɗan'uwa, duba da kyau. Kadan ka karɓa da alkawari ka cika, ka sayar da amana. Kadan ka karɓa da alkawari ka saɓa, ka yi ƙarya. Ko ta wace hanya ka bi, ka tabbatar wa mai saye cewa wannan unguwa ta kuɗi ce, baɗi zai zo da jaka mafi girma. Daga ina zai cika jakar? Daga kuɗin maganin asibiti da na kwalbatin da ke ƙofar gidanka. Fitowa sura 23 ta gargaɗe mu cewa toshi yana makantar da mai gani. Bakin da ya ci kuma ba ya iya tsawatawa.

Wani ya ce, siyasa ƙazanta ce, mai bi ya nisance ta. Gaskiya ne a zamanin dā waɗansu Turawan Mishan sun yi ɗari-ɗari da ita. Amma Dokta Barau Dikko, Kirista wanda ya yi karatu a Wusasa, likita na farko daga Arewa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, shi ne kuma shugabanta na fari. Fasto David Lot na Panyam ya riƙe aikin bishara, ya kuma shiga majalisa domin jama'arsa. Bulus da kansa bai raina 'yancinsa na ɗan Roma ba. A Filibi ya ƙi fita kurkuku a ɓoye, sai da mahukuntan da suka sa aka yi masa bulala ba shari'a suka zo da kansu. Wanda ya ƙi zaɓe ya bar wa mai sayarwa filin.

Wani kuma ya ce, mu kaɗan ne a Kano, ƙuri'armu ba ta sake kome. Allah bai tambaye mu yawanmu ba, aminci ya ke nema. Irmiya ya rubuta wa 'yan bauta a Babila cewa su nemi lafiyar birnin da su ke ciki, su yi masa addu'a, gama lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Balle mu da Kano gidanmu ne. Maƙwabtanmu Musulmi masu tsoron Allah su ma sun san ƙuri'a amana ce, malamansu kuma suna wa'azi a kan tauye mudu. A wannan magana muna da abokan tafiya da yawa a kowane layi na Gyadi-Gyadi.

Saura gwauruwar da yunwa ta kai ta ga miƙa hannu. Ba mu da dutsen jifanta. Kadan 'yar'uwa ta sayar da ƙuri'arta domin 'ya'yanta sun kwana biyu ba tuwo, tambayar tana kan dattawan Ekklesiya da zumuntar mata. Ina mu ke sa'anda tukunyarta ta bushe? Da Yakubu ya ba ɗan'uwansa miyar nan kyauta, da ba a yi cinikin ba.

ME ZA MU YI?

Ba aikin wannan mujalla ba ne ta nuna wa kowa jam'iyya, ba kuma aikin bagade ba ne. Masu bi na gaskiya su kan bambanta a kan yawan haraji da tallafin mai da rufe iyaka, kada wannan ya raba zumunci. Amma akwai abin da za mu iya ɗauka tare.

Na fari, kowane baligi ya karɓi katin zaɓensa, ya fita ran zaɓe. Kada mu tsaya ga na shugaban ƙasa da gwamna kaɗai. Ƙaramar hukumar Tarauni tana da mazaɓu goma, Gyadi-Gyadi Arewa da Gyadi-Gyadi Kudu suna ciki, kowace da kansilanta. Mutum nawa cikinmu suka san sunan nasu?

Na biyu, mu auna ɗan takara da mudun da Yetro ya ba surukinsa Musa cikin Fitowa sura 18, watau ko ya iya aikin, ko yana tsoron Allah, ko mai gaskiya ne, ko yana ƙin haramtacciyar riba. Mu ƙara masa tambaya ɗaya: ya san iyakarsa? Zai bi hukuncin kotu ko da bai yi masa daɗi ba? Wanda ya yi alkawarin zai ciyar da kowa ya tufasar da kowa, mu tuna da Masarawa a kwanakin yunwa. Sun ba Fir'auna kuɗinsu, sa'an nan dabbobinsu, sa'an nan gonakinsu da kansu.

Na uku, kada Ekklesiya ta karɓi buhu ko ambulan daga hannun ɗan takara a lokacin neman ƙuri'a, ko da rufin majami'a yana yoyo. Kafin ranar zaɓe kuma dattawa su zaga gidajen mabukata da abin da jama'a suka tara, domin mai jaka ya tarar an riga shi.

Na huɗu, mai rumfa a cikinmu ya gyara mudunsa. Ba mu da bakin ce wa hukuma ta tsaya a iyakarta muna tauye awo.

Na biyar, mu yi wa masu mulki addu'a da sunayensu, wanda muka zaɓa da wanda ba mu zaɓa ba, kamar yadda Bulus ya gargaɗi Timoti. Nauyin da ke kansu ba ƙarami ba ne, za su kuma ba da lissafi a gaban Sarkin sarakuna, kamar yadda mu ma za mu bayar a kan ɗan yatsan da muka dangwala.

Ubangiji ya ba masu mulkinmu hikima su tsare mudu da gaskiya, ya ba 'yan kasuwarmu tsoronsa, ya ba mu duka zuciyar da ba ta sayuwa. Ya kiyaye Kano da salama, sabili da Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.